Ajiyar Ranar Larura

Barcin rana ne ya sace Alhaji Mamuda Ɗantsoho a kan darduma bayan sallar Azahar, carbi a hannu, ya jingina da kujerar falonsa. Shi ba mai barcin rana ba ne. Ya dai san ya zauna yana juya maganar da aka faɗa masa da safe, ransa a jagule, sai idanunsa suka yi nauyi.

Ga abin da ya dame shi. Alhaji Mamuda tsohon babban akanta ne na gwamnati, kuma da ya yi ritaya aka naɗa shi shugaban amintattun asusun da ke tallafa wa asibitin masu taɓin hankali na jiha. Asusun na jama'a ne. Gwamnati ta zuba, 'yan kasuwa sun zuba, wasu bayin Allah sun yi wakafin shaguna. Ƙa'idarsa a fili take: uwar kuɗi ba a taɓa ta, ribar shekara ta tafi asibiti, a kuma ware wani kaso a matsayin ajiyar ko-ta-kwana don ranar larura. Kafin zuwansa asusun ya sha wawura, shi ya zo ya toshe duk wata kafa. Kowa ya shaida mutumin nan bai taɓa cin kwabo ba, ko ruwan roba na wurin taro da kuɗin aljihunsa yake saye. Amma fa wanda ya san Alhaji ya san abin da ya fi yi masa daɗi a duniya, wato ya miƙe a taron ƙarshen shekara, ya gyara babbar riga, ya ce ajiyar ko-ta-kwana ta fi ta bara. Kowace shekara sai ya ɗan tsakuro daga rabon asibiti ya ƙara a kai, ya kulle a banki har shekara ta zagayo. Gobe wa'adin zai cika, kuma ya riga ya yi wa manajan banki alkawarin sake kullewa.

Da safen nan Dakta Saratu Bawa, shugabar asibitin, ta same shi har gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, allurar wata-wata ta ƙare mana tun kafin azumi, gwamnati kuma ba ta saki kuɗin magani ba. Waɗanda muka sallama da allurar nan suke zaune lafiya a gidajensu, yanzu ana ta dawo mana da su. Shekaranjiya aka kawo Isuhu."

"Wane Isuhu?"

"Mai gyaran keken ɗinki na bakin kasuwa. Shekara da shekaru da ƙafarsa yake zuwa ya karɓi allurarsa ya koma shago. Har aure ya yi, da 'ya'yansa. Yanzu ko matarsa ba ya ganewa. Ya fasa taga da hannu, ba mu da abin kwantar da shi, dole na aika maƙera aka yo mari aka sa masa a ƙafa. Ni fa, Alhaji, ni da na rantse ba za a sake ɗaure mutum a asibitin nan ba."

Alhaji ya ce, "Dakta, wallahi ina tausaya muku. Amma magani aikin gwamnati ne. Ajiyar nan ta ranar larura ce. In muka ɓalle ta yau don allura, gobe shinkafa ce, jibi man janareta. Ku lallaɓa zuwa baɗi."

Ta dube shi har ya ji nauyin kallon, ta ce, "Allah ya kai mu." Ta tafi ba ta taɓa lemon da aka kawo mata ba.

To, cikin barcin nan sai ya ji an ce, "Mamuda, taso."

Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya sake kiran sunansa haka gatsal. Ya ɗaga kai ya ga wani mutum dogo siriri tsaye a kansa, sanye da shuɗiyar rigar majinyata da ta koɗe, ba takalmi a ƙafarsa, ga tabon mari ya zagaye idon sawunsa. Fuskarsa ba fushi, ba fara'a. Alhaji ya tashi ya bi shi, don bai ji a ransa cewa ana iya ƙi ba.

Suka isa wani gari mai doguwar ganuwa da ƙofa ɗaya. Akwai haske ko'ina amma ba rana, ba kuma inuwa ko ta tsinke. Ba kukan tsuntsu, ba hayaniyar kasuwa, sai wani gunji can ƙasa-ƙasa na mutane masu yawa.

Alhaji ya ce, "Bawan Allah, wane gari ne wannan?"

Jagoran ya ce, "Nan ake kawo duk wanda aka damƙa wa haƙƙin marasa hankali. A wajenku in mahaukaci ya kai ƙara, dariya ake yi masa. A nan shaidarsa ake fara ji."

Unguwar farko da suka shiga, mutane ne kwance a jere zazzaɓi yana girgiza su, haƙoransu na haɗuwa. A gaban kowanne an tara kwalaye na magani har sun fi shi tsawo. Sai ya ɓare, ya watsa ƙwayoyi a baki da rawar jiki, suna isa maƙogwaro su koma alli da tsakuwa. Ya tofar, ya sake ɓare wani kwalin, haka dai ba iyaka.

"Waɗannan fa?"

"'Yan kwangilar magani ne. Sun kawo jabu da wanda ya lalace, suka sake masa kwali. Sun ce ai ko bai yi aiki ba, wa zai gane? Mahaukaci dai mahaukaci ne."

Gaba kaɗan suka tarar da wasu sun kewaye wata ƙatuwar tukunya tana tafasa, ƙamshin miya ya cika wuri. Cikkunansu sun manne da baya don yunwa. Kowa da ludayinsa, amma ludayin duk huji ne, kafin ya kai baki ba abin da ya saura sai tururi. Jagoran bai jira tambaya ba ya ce, "Su ne masu abincin majinyata. Buhu goma a takarda, uku a kicin, sauran a shagon ƙaninsu. Kunun safe kuwa sun tsinka shi da ruwa har ana ganin gindin kofi."

Daga nan suka shiga wani babban zaure mai dogon tebur. Manyan mutane ne zaune cikin manyan riguna, kujerunsu na ƙarfe sun yi jajir don zafi, ba mai ikon tashi. Wani yana karanta bayanin taron baya, da ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Lokaci-lokaci a zagayo da ambulan na alawus, kowa ya miƙa hannu da sauri kamar yadda ya saba, ya buɗe ya tarar da garwashi. Alhaji ya gane wasu daga cikinsu, amintattun da suka gabace shi ne, waɗanda suka riƙa tafiya ƙasashen waje da kuɗin asusun wai ƙaro ilimi kan kula da masu taɓin hankali, suka dawo da akwatunan turare.

Ya ce, "Yaushe za su tashi taron?"

"Ranar da suka tattauna maganar majinyaci ɗaya da sunansa. Har yanzu ba wanda ya tuna sunan ko ɗaya."

A bakin zauren wani ƙaton mutum yana gudu tsirara sai ɗan tsumma a ƙugu, yana tare masu wucewa yana ihu. "Ku saurare ni! Ni ne kwamishina! An zalunce ni, ku kai ni gaban mai shari'a!" Duk wanda ya tare sai ya kauce yana girgiza kai ya ce, "Allah sarki, ƙyale shi, ciwon ne." Alhaji ya san shi sarai. Kwamishinan nan ne ya taɓa karɓar rance daga asusun ana gab da zaɓe, rancen da ko sau ɗaya ba a sake jin labarinsa ba, shekarar da rufin ɗakin mata ya yaye suka yi damina a cikin ruwa.

Suka bi ta wani dogon lungu mai ƙofofi dama da hagu. Maza da mata ne suke ta ƙwanƙwasawa, a gajiye, ƙafafunsu sun kumbura. Kowace ƙofa aka buɗe sai mai ƙwanƙwasawa ya ce nan ne gidansa, a ce masa, "Ba mu san ka ba," a rufe. Waɗannan, in ji jagoran, dangi ne da suka kawo ɗan'uwansu asibiti suka ba da adireshin ƙarya da lambar wayar da ba ta shiga, suka koma suka raba gonarsa.

Duk wannan ya girgiza Alhaji Mamuda, ba shakka. Amma gaskiya ita ce can ƙasan zuciyarsa wani ɗan sanyi yake ji, irin na ɗalibin da ya ga ana dukan waɗanda ba su yi hadda ba alhali shi ya yi tasa. Ya gyara murya ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, ai irin waɗannan na yi ta yaƙa tun da na hau kujerar nan. Na kori 'yan kwangila, na hana tafiye-tafiye, na soke alawus. Na ga abin da aka kawo ni in gani, sai ka mai da ni gida."

Jagoran ya ce, "Saura unguwa ɗaya."

Wannan unguwar ba ta yi kama da sauran ba. Fili ne fetal, an share shi tas, ba ihu ba hayaƙi. Rijiyoyi ne birjik, kowacce an gina mata baki mai kyau, an rufe da murfin ƙarfe da kwado. A kan kowane murfi dattijo ne zaune, fararen kaya, farin gemu, fuska ta mutunci, irin mutanen da ake ba sahun gaba a masallaci. Ana jin motsin ruwa a ƙarƙashinsu, ruwa mai yawa, har sanyinsa yana tasowa. Sai da Alhaji ya matsa kusa ya ga leɓunansu sun tsattsage, harsunansu sun bushe sun yi baƙi. Makulli yana hannun kowannensu, ba wanda ya ƙwace masa.

Ya tsaya gaban ɗaya ya ce, "Baba, ga ruwa a ƙarƙashinka, ga makulli a hannunka. Me ya hana ka sha?"

Dattijon ya ɗago da ƙyar, muryarsa kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. "Ba yanzu ba. Na ranar larura ne."

"Wace larura ta fi wannan?"

"Haka nake tambayar kaina. Da na kai makulli bakin kwado sai in ji muryata ta ce ba yanzu ba, hannuna ya dawo. Ni ma'ajin gidan marayu ne a zamanina. Na bar asusu cike maƙil, har lambar yabo aka ba ni. Yaran da suka mutu da ƙyanda a shekarun nan, ban ci kuɗinsu ba. Wallahi ban ci ba."

 Alhaji ya juya ga jagoran ya ce, "Amma wannan ai ba adalci ba ne. Mutumin nan bai yi sata ba. Ta yaya za a haɗa mai amana da ɓarayi a gari ɗaya?"

"Ba a haɗa su ba, kowa da unguwarsa. Waɗancan an tambaye su me suka ci. Waɗannan an tambaye su wa ya ci, cikin waɗanda aka tara abin dominsu."

"To in aka kwashe ajiya, ranar da babbar masifa ta zo fa? Wanda ya yi tanadi ai hankali ya yi."

"Tanadi hankali ne, ba wanda ya ce a kwashe. Amma faɗa mini, Mamuda, ranar larurar nan da kake jira, yaya ka zaci za ta zo?"

 Alhaji ya ce, "Gobara, ko ambaliya. Ko gini ya rushe. Abin da kowa zai gani ya yarda an taɓa ajiya da hujja."

"Wato ranar da ba wanda zai zarge ka." Jagoran ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba. "Larurar mutanen nan ba ta zuwa da ƙara a ji ta a rediyo. Ɗaya bayan ɗaya take zuwa. Ranar da mutum ya kalli matarsa bai gane ta ba, tasa gobarar ke nan, gidansa ya ƙone ƙurmus ko da bango bai yi baƙi ba. Kuɗin nan ba don a adana aka ba ka su ba kawai. An ba ka ne don ka san ranar buɗewa, wannan shi ne rabin aikin da ya fi wuya, shi ne kuma ka ajiye ka riƙe mai sauƙin."

Suka ci gaba har ƙarshen filin. Can akwai wata rijiya sabuwa, ta fi na kusa da ita girma, murfinta yana sheƙi. Ba kowa a kanta.

Alhaji bai so ya tambaya ba, amma bakinsa ya riga shi. "Wannan ta wace ce?"

"Ba a zaunar da kowa ba tukuna. Mai ita yana da sauran numfashi. Zauna ka ji yadda take."

Ƙafafunsa suka kai shi ba da izininsa ba. Yana zama ƙishirwa ta kama shi, irin wadda bai taɓa sani ba ko a azumin tsakiyar bazara. Ya duba hannunsa, ga makulli. Sannan ya ji ƙarar ƙarfe ana ja a ƙasa. Mutane ne suke tahowa daga ko'ina, maza da mata, tsofaffi da matasa, cikin shuɗɗan riguna, mari a ƙafa, kowa da ɗan kofinsa. Ba su zage shi ba, ba su roƙe shi ba. Suka kewaye rijiyar suka tsaya suna kallon hannunsa.

A gabansu akwai wani mutum matsakaici, hannunsa naɗe da bandeji. Ya tsuguna da ɗan sukundireba irin na gyaran keken ɗinki, yana ta neman inda zai kwance marin ƙafarsa, a natse, kamar mai aikin da ya saba. Marin kuwa ba shi da noti ko ɗaya, dukan maƙera ne. Alhaji bai taɓa ganin Isuhu ba, amma ya san shi ne. Mutumin ya ɗago ya ce, "Alhaji, akwai kekunan mutane a shagona. Na ce musu su zo ran Asabar."

Kuka ya zo wa Alhaji Mamuda, amma ba ruwan hawaye a jikinsa. Ya sunkuya da sauri ya kai makulli bakin kwado. Sai ya ji murya daga cikin ƙirjinsa, tasa ce sak, a natse, da ladabi, irin wadda yake yi wa baƙi a falo: "Ku lallaɓa zuwa baɗi." Hannunsa ya dawo da kansa. Ya sake kaiwa, muryar ta sake faɗa. Ya waiga neman jagoran ya cece shi, ya hango shi ya koma cikin masu kofi ya tsaya a layi, shi ma da nasa a hannu.

Alhaji ya buɗe baki ya kurma ihu.

"Alhaji! Alhaji, lafiya? Innalillahi, tashi mana!"

Matarsa ce, Hajiya Uwani, take girgiza kafaɗarsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, carbin ya faɗi gefe, ana kiran La'asar a masallacin unguwa. Ta ce tun daga kicin take jin yana kiran ruwa. Ta kawo masa a kofi, ya riƙe da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa kafin ya sha. Ta tambaye shi me ya gani, ya ce, "Bari in yi salla tukuna, Hajiya. Na ga inda na nufa."

Ya yi sallar da ya daɗe bai yi irinta ba. Yana sallamewa ya ɗauki waya ya kira manajan banki ya ce kada a kulle ajiyar gobe. Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san fa bana za a ce ajiya ta ragu a hannunka, abin da ba a taɓa ji ba."

Alhaji ya ce, "A ce."

Ya kira sauran amintattu ɗaya bayan ɗaya ya ce taro da sassafe, a asibiti, ba a otal ba. Zai kawo maganar allura, da mayar wa asibiti duk abin da ya tsakure daga rabonsa, da rubuta a sarari abin da ake nufi da larura don kada wani mai taurin hannu irinsa ya sake fakewa da kalmar. Wasu suka yi mamaki, wani ma ya tambaya ko lafiyarsa ƙalau.

Daga ƙarshe ya kira Dakta Saratu. Ya faɗa mata. Ta ce, "Na gode, Alhaji. Amma ko gobe aka saki kuɗin, sai an yi oda, sai an kawo. Isuhu zai ƙara kwanaki yadda yake. Kuma don Allah ka zo ka faɗa wa majinyata da danginsu da bakinka. Ni na yi musu alkawari har sun daina yarda da ni."

Bai jira direba ba, shi ya tuƙa kansa. A hanya ne ya tuna cewa duk shekarun nan bai taɓa wuce ofishin shugaba a asibitin ba, bai ma san ta ina ake shiga ɗakin maza ba, sai da ya tambaya. Kunya ta kama shi ƙwarai.

A ƙofar ɗakin wani ma'aikacin jinya ya tare shi. Ma'aikacin bai san Alhaji ba, to ina zai san shi? Daga ciki ana jin ƙarar ƙarfe a kan siminti.

"Baba, lokacin ziyara ya kusa ƙarewa. Wa kake nema?"

"Isuhu. Mai gyaran keken ɗinki."

Ma'aikacin ya dubi babbar rigarsa da hularsa, ya ce, "Ikon Allah. Ban da matarsa ba wanda ya taɓa zuwa. Kai ɗan'uwansa ne?"

Alhaji Mamuda ya sunkuya ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya ce, "A'a, ɗana. Ni na ɗaure shi."